Na'urar juye kaset zuwa filashi: abin da ta yi da muryar kakana

Wata shida ke nan da na sayi 'yar na'urar nan da ake tallatawa a intanet, wadda ake saka mata kaset ta juye abin da ke ciki zuwa filashi. Ba zan kama sunan kamfani ba. Duk waɗanda na duba kafin in zaɓi tawa kamar uwa ɗaya ta haife su, kwali da tambari kawai ake sauyawa, don haka wanda ya sayi mai kama da ita ya ɗauka da tasa nake. Na ga masu yabonta da yawa, amma kusan dukansu waƙoƙi suka juye. Ni ba waƙa ce ta kai ni ba. Kaset 14 kakana ya bari a cikin wani akwatin ƙarfe, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Wanda yake riƙe da irin wannan amana, shi nake so ya karanta kafin ya danna komai.

Mu jikoki Saje muke ce masa, ko da yake igiya ɗaya ya samu har aka sallame shi. In mun ce Saje sai ya ce mun ba shi girman da Bature ya hana shi. Ya yi yaƙin da tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, amma bai taɓa ganin Bajamushe ko ɗaya ba. Jafanawa ya yaƙa, a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar. Muna yara mun ɗauka Bama ta Borno yake nufi, muna ta mamakin abin da ya sa sai an yi makonni a jirgin ruwa kafin a isa. Yana cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda aka tura can a 1944. Da farko ba mai bindiga ba ne. Cikin masu ɗaukar kaya a ka aka sa shi: sojoji ne masu lamba da kaki da albashi, amma makaminsu adda, aikinsu su ɗauki harsashi da sassan igwa da wanda aka harba, su bi ta inda mota ba ta bi, inda ko alfadari sai ya tirje. Daga baya aka ba shi bindiga. Bai taɓa ɓoye aikin farkon ba, hasali ma ya fi yin alfahari da shi.

Naɗar muryar ta samo asali ne daga wata rasuwa. Akwai abokinsa da suka dawo tare a 1946, duk shekara sai ya zo sun kwana biyu suna lissafa mutanensu da suka bari a can, in ɗaya ya manta ɗayan ya tuna masa. Da abokin ya rasu, cikin shekarun 1980, sai Saje ya ga lissafin ya rage a kansa shi kaɗai. Boko bai yi ba, ajaminsa kuma shi kaɗai ke iya karanta abinsa. Sai ya sayi rikoda. Da ita ya riƙa zama shi kaɗai a ɗaki yana magana, da ita kuma ya riƙa tafiya wurin sauran 'yan mazan jiya da ya ji labarin suna raye. Uku daga cikin kaset ɗin hira ce da su. Akwai gidajen da ya je takanas don kawai ya gaya wa dangi yadda nasu ya cika da inda aka binne shi, shekara arba'in bayan abin ya faru.

To, na'urar. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, roba ce baƙa, marar nauyi har sai ka yi tsammanin babu komai a ciki. Tana aiki da batir biyu ko da wayar USB. A gefe akwai ramin filashi, da ramin abin sauraro na kunne, da 'yar tayar ƙara murya. Takardar bayanin da ta zo da ita shafi biyu ce da ƙananan baƙaƙe, na karanta sau uku ban gane rabinta ba. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ba ta buƙatar kwamfuta: ka sa kaset, ka sa filashi, ka danna, ta ba ka MP3. Gaskiya kuma tana yin hakan. A nan babu yaudara. Sai dai a sani ba ta da sauri, kuma ba laifinta ba ne. Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, zaren yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, don haka kaset mai minti 90 sai ka ba shi minti 90 ɗinsa cif.

Kuskurena na farko a daren farko na yi shi. Akwai wani ɗan maɓalli mai hawa biyu a jikinta. Hawa ɗaya tana naɗa har sai ka tsayar da ita, ɗaya hawan kuma ita da kanta take yanka fayil duk inda ta ji shiru, ta buɗe sabo. Don masu waƙa aka yi wannan, saboda kowace waƙa ta fita daban. A haka ta zo daga kwali, ni kuma ban kula ba. Kaset ɗin da na fara sakawa shi ne wanda Saje ya yi wa alama da jan biro, na sunaye. Na kunna na tafi na bar ta. Da na dawo na buɗe filashin a kwamfuta, sai na tarar da fayil sama da 50 daga gefe ɗaya kacal, wasu daƙiƙa huɗu, wasu shida.

Abin da ya faru shi ne, haka tsohon yake kiran sunayen. Zai faɗi suna da garin mutum, ya ce Allah ya jiƙansa, sai ya yi tsit. Wani shirun gajere ne, wani kuma sai ka ɗauka kaset ya ƙare. Na'urar kuwa duk shirun da ya wuce 'yan daƙiƙu a wurinta waƙa ta ƙare ke nan. Ta yanke, ta zubar da shirun, ta jira sauti. Kafin ta farga ta buɗe sabon fayil, gaɓar farko ta suna na gaba ta wuce. Sai na samu jerin mutane marasa kai: Abdullahi ya koma "dullahi", Muhammadu ya koma "hammadu". Waɗannan ma da sauƙi, ana iya cankar su. Masu gajerun sunaye babu abin da ya rage sai garinsu da addu'a. Na zauna ina danna fayil bayan fayil, raina a ɓace, kamar ni na yi musu wannan aika-aika da hannuna, wanda in an bi diddigi ma ni ɗin ne.

Da na mayar da maɓallin ɗaya hawan na sake juyewa, na kuma zauna na saurara daga farko har ƙarshe, sai na gane abin da ta zubar ba fanko ba ne. A cikin shirun ana jin numfashinsa. Ana jin ƙarar kujera in ya gyara zama. Bayan sunan wani mai busa ƙaho ya yi shirun da na auna da agogo, daƙiƙa 41, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro ne." Ke nan, bai ƙara ba, ya wuce na gaba. A juyin farko waɗannan kalmomi biyu sun fito a fayil nasu su kaɗai, ba ka san wa ake nufi ba. Saboda haka abu na farko da zan ce wa duk mai juye magana, ko wa'azi ne ko hira ko wasiyya: ya duba wannan maɓalli kafin ya sa kaset. Kaset ɗina bai lalace ba, amma tsohon zare ne, kuma na sa ya bi ta kan ƙarfen karatu na na'urar sau ɗaya a banza.

Sauran kaset ɗin galibi labari ne, kuma ba ya bin tsari. Yakan fara da jirgin ruwa da amai, ya tsallaka horon da suka yi a Indiya, ya dawo kan ranar da aka ɗauke shi soja. Amma in ya shiga Arakan, wato jihar da yau ake kira Rakhine, sai ya miƙe kamar mai bin taswira. A watan Disamba na 1944 suka gangara ta kogin Kalapanzin suka kama Buthidaung. Ya ce abin da bai zata ba shi ne ya tarar da Musulmi a ƙarshen duniya, da masallatansu, ya yi musu sallama su amsa. Na tuna wannan wurin lokacin da sunan garin ya riƙa fitowa a labarai kan 'yan Rohingya a 2017, shi kuwa ya riga ya daɗe a ƙasa. Daga nan suka tsallaka duwatsu zuwa kwarin Kaladan, inda Runduna ta 81 take, suka haɗu suka ƙwace Myohaung a ƙarshen Janairun 1945. Tsohuwar hedikwatar masarautar Arakan ce, yau Mrauk U ake ce mata. Ya ce gari ne na ɗakunan gumaka na dutse, kowane tudu da nasa.

Jafanawa ba su cika bakinsa kamar yadda ƙasar kanta ta cika ba. Ya fi daɗewa a kan matsattsaku da ke shiga takalmi, da atini, da zazzaɓi, da dajin gora da sai an sare da adda taki bayan taki. Akwai ƙoramun bakin teku da ruwansu ke cika ya janye sau biyu a rana, abin da mutumin da ya tashi nesa da teku bai taɓa gani ba: wurin da ka tsallaka da ƙafa da safe, da azahar ya shanye mutum da kayan kansa. Mutum biyu a cikin jerin sunayensa haka suka tafi, ba harsashi ba. Abincinsu da harsashinsu daga sama ake jefowa da laima, kuma masu ɗaukar kaya ne za su bi su tsinto, ko da buhun ya faɗa ta wajen abokan gaba. Yana da dariya ɗaya da yake maimaitawa a kaset uku, kan wani hafsan Bature da Hausarsa, don Hausa ce harshen da ake magana da shi a rundunar Najeriya, kuma hafsoshin sukan koya. Baturen yana ce wa kowa "ke". Ƙato mai gashin baki a ce masa "ke zo nan", kuma ba damar dariya a fareti.

Sai da na saurari waɗannan kaset sannan wasu allunan bakin hanya suka yi mini ma'ana. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas: duk sunayen wuraren da waɗannan mutane suka taka ne. Barikin Chindit na Zariya kuma sunan dakarun da aka jefa bayan layin Jafanawa ne a 1944, cikinsu da bataliyoyin Najeriya uku. Ana ƙiyasta sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 suka je yaƙin Bama, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Sunayen ƙauyukan Bama sun samu allo da fenti. Na mutanen da suka mutu a cikinsu, na ɓangarensa dai, a kaset mai jan biro suke.

Mu koma kan sauti, don a nan na'urar ta fi nuna cewa araha ba ta ado. In ka ba ta wuta ta wayar USB daga soket, akwai wani ƙugi da ke shiga ƙarƙashin muryar, siriri amma ba ya ɗaukewa. A waƙa mai kiɗa ba za a ji shi ba. A muryar tsoho mai magana ƙasa-ƙasa, shi za ka fara ji. Da na koma batir sai ya ɓace. Amma batir ma da tasa matsalar: in ya fara sanyi, injin yana rage gudu ba tare da wata alama ba, muryar ta yi ta nauyi a hankali yadda kunnenka zai saba bai lura ba. Wadda ta kama wannan gwaggona ce, autarsa. Na kai mata na sa mata a kunne ina jiran ta yi kuka. Ta saurara kamar minti ɗaya ta cire ta ce, "Kai, wannan ba muryar Baba ba ce. Baba bai taɓa magana kamar mai jin barci ba." Na ce, "Gwaggo, tsufa ne." Ta ce, "Ni za ka gaya wa tsufansa?" Gaskiyarta. Na sa sabon batir na sake juye kaset ɗin, muryar ta tashi ta yi kaifi. Wannan karon ba ta cire ba har gefen ya ƙare, kuma ba ta ce mini komai ba, hannu kawai ta ɗaga mini in fita. Tun ranar, kowane kaset da sabon batirinsa.

Ko da sabon batir, gudun nata ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba. In ya ja wasali mai tsawo, ko inda ya rera wata waƙar fareti, ana jin muryar tana ɗan rawa. Wannan daga bel da 'yar tayar robar da ke jan zare ne, kuma babu yadda za ka yi da shi. Tayar ƙara murya ita ma tana shafar abin da ake naɗa: in ka cika ta sautin ya fashe, in ka rage ya nutse cikin shuuu ɗin kaset. Babu allo ko fitilar da za ta nuna maka, sai ka gwada minti ɗaya ka saurara ka dawo. Tana kuma iya juyawa gefe na biyu da kanta, abin da na yi murna da shi da farko, har na lura duk abin da ta karanta ta baya yana fitowa a dishe kamar an toshe baki da tsumma. Na daina. In gefe ya ƙare, in buɗe in juya kaset da hannuna kamar yadda ake yi a da.

Ranar da na fi tsorata ita ce ranar kaset na 9, ɗaya daga cikin na hirar 'yan mazan jiya. Ana tsakiyar magana sai na ji muryoyin sun murɗe, sannan wani ƙas-ƙas. Kafin in kai hannu ta riga ta naɗe zare kamar kamu biyu a jikin tayarta. Ba ta tsaya da kanta ba. Da ba na zaune a wurin, da ta ci gaba da ci. Na cire batir, na zaro zaren a hankali da tsinken sakace, na shimfiɗa shi a kan takarda, na mayar da biro. Bai tsinke ba, amma ya yamutse, kuma a daidai wurin yanzu akwai daƙiƙa kamar 20 da wani dattijo yake ba da labarin yadda aka ɗauko shi a kafaɗa daga bakin ruwa, ana jin sa kamar daga ƙarƙashin bargo. Adalci dai, ba laifinta ba ne ita kaɗai. Kaset ɗin ya shekara sama da 20 ba a juya shi ba, zaren ya manne da juna. Rikoda mai kyau ma tana iya ci. Abin da na koya a makare shi ne a fara tariya kaset har ƙarshe a dawo da shi, gara ma da biro, don zaren ya saki. A duba ɗan soson da ke tsakiya a ƙarƙashin zare, wanda ke danna shi a kan ƙarfen karatu, don manninsa yana bushewa ya faɗi. A goge ƙarfen da tayar da auduga da sifirit bayan kowane kaset, za ka ga jan datti yana fita. Wanda ya yi fumfuna kuwa kada a sa shi sam. Kuma kada a tashi a bar ta, ko da kuwa ruwa za a sha.

Daga baya na daina amfani da filashin gaba ɗaya. MP3 ɗin da take bayarwa matsattse ne, kilobit 128, ya isa a tura wa dangi a waya, amma ba shi ne abin ajiya ba, don matsewar tana zubar da wani sashe na sautin da ba ya dawowa. Na haɗa ta da kwamfuta ta ramin abin sauraro, na naɗa da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, na ajiye a WAV, tsarin fayil da ba ya matse sauti. Yana cin wuri, kaset mai minti 90 ya kusa megabait 900, amma wuri ba shi ne matsala ba yanzu. A nan ma na so in yi wayo. Manhajar tana da abin cire hayaniya, na cika masa hannu, shuuu ya tafi, na ji daɗi. Sai da na saurara da kyau na ga ya tafi da wasu abubuwan: zakara da ke cara a nesa, da muryar kakata daga tsakar gida tana tambaya ko da wa yake magana shi kaɗai. Ita ba mu da muryarta a ko'ina sai nan. Allah ya sa ban goge na asalin ba. Yanzu kowane kaset kwafi biyu nake yi, ɗaya ɗanye da ban taɓa ba, ɗaya gyararre don masu sauraro.

Da na gama juye 13 na jera su, sai na ga wani abu da ba na jin ko shi ya sani. Ba sau ɗaya ya naɗi jerin sunayen ba, sau huɗu ne, da tazarar shekaru. A na farko mutum 43 ya kira, a jere, ba gargada. A na biyu 41. A na ƙarshe, wanda muryarsa ta riga ta yi rauni, 31 ne, kuma shirun ya fi sunayen yawa. Akwai inda yake cewa, "Akwai wani, dogo, mutumin arewacinmu, mai yawan waƙa," ya tsaya, ya sake cewa "dogo", sannan ya ce Allah ya jiƙansa ba tare da sunan ba. Na koma kaset na farko na samo shi, shi ne na 17. Da a hawan yanka na bar na'urar, duk wannan neman da yake yi da ba a ji shi ba, sai dai a ga lissafi ya ragu.

Na ɗauki sunaye 43 ɗin na shiga shafin hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, wadda aka kafa a 1917, take kuma riƙe da bayanan mutum miliyan 1.7 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Bincike kyauta ne. Wahalar ita ce yadda akawunan soja na wancan zamani suka rubuta mutane: sunan yanka da rubutun da kunnen akawu ya ji, sannan sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Mutum nawa ne masu suna ɗaya daga gari ɗaya? A nan ne na gode wa Saje, don wasu ya riƙe har lambarsu ta soja, yana karanta ta da Turancin bariki. Da lamba na tabbatar da 12. Mafi yawansu ba su da kabari sananne, sunayensu suna jikin ginshiƙan tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan, arewa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000. Bai taɓa sanin an rubuta su a dutse ba. Har ya rasu yana ganin in ya manta da mutum, shi ke nan an manta da shi.

Yana da ƙorafi ɗaya da ya naɗa, kuma ban goge ba. A da ranar 11 ga Nuwamba ake tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya. Najeriya ta mayar da tata ranar 'yan mazan jiya 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ya ce bai ƙi ba, waɗancan ma 'ya'yan mutane ne, kuma Janairu ai watan Myohaung ne. Amma duk shekara in ya saka lambobinsa ya je fareti, da tauraron Bama a ƙirji, sai wani matashin soja ya tambaye shi wane ɓangare ya yi a Biyafara.

Shin a saya? In waƙoƙi ne da ake iya samu a wani wuri, ko karatun da kake so ka ji a mota, a saya, za ta yi, da babu gara ba daɗi. In kuma muryar wanda ya rasu ce kuma kwafi ɗaya ne, ra'ayina ya rabu. Mai halin samun babbar rikoda ta da mai lafiya, wadda aka sauya wa bel, ya haɗa ta da kwamfuta, zai fi samun sauti nesa ba kusa ba. Amma na san mutane da yawa da ke jiran ranar da za su samu kayan da suka dace, zaren kuwa yana can cikin zafi da laima yana mutuwa a hankali. Ni ma shekara nawa na yi ina wannan jiran. Wannan 'yar robar, da duk aibinta, ita ce ta sa yau jikoki da tattaɓa-kunne sama da 30 suke da muryarsa a wayoyinsu. A gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba tukuna, kwana biyu, har a san halinta.

Kaset na 14 ban saka mata ba, kuma ba zan saka ba. Mai minti 120 ne, irin mai zare siriri sosai, kuma gefe ɗaya ya ɗan tattare. Babu lamba a jikinsa, sai kalma ɗaya da ajaminsa, wadda ni da gwaggo muka yi ta gardama a kanta: ita ta ce "dawowa" ya rubuta, ni na ce sunan mutum ne. Wani mai gyaran rediyo ya yi mini alkawarin tayar da wata tsohuwar babbar rikoda in an samu bel ɗinta. Na ɓalle 'yan haƙoran saman kaset ɗin don kada wani ya naɗi wani abu a kai bisa kuskure, na mayar da shi akwatin, kusa da lambobin.